Injin Wasa Sarƙa Da Muka Aiko Maka

Safele, Jihar Delta

Zuwa ga ƙanena Abdulrashid, Ƙauran Namoda.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Mun ji a rediyo an ƙaddamar da Shari'a a Gusau, Allah Ya ba mu ikon binta.

Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama. Maigida, Baban Salima, ma da sauƙi, yana ɗan gani da idon hagun.

Dalilin wasiƙar, injin wasa sarƙar zarto da muka aiko maka ne. Biyu Baban Salima ya saya, naka da nasa. Mai shagon ya ce ƙirar Italiya ne, maigida kuma ya jinjina su a hannu kamar yadda masu sana'ar ke yi, ya ji nauyi, ya ce lallai wayar tagulla ce a ciki. Ran Talata yana wasa sarƙa, nasa ya yi zafi, ya kama rawa, dutsen wasawar ya fashe ya same shi a fuska. Da mai gyara ya buɗe, sai ga siririyar waya da guntun ƙarfe da aka liƙa don ƙarin nauyi. Ba wanda ya san ƙasar da aka ƙera shi.

Don Allah kada ka kunna naka. Koma ga magagari, ko da masu itacen Zurmi za su yi ƙorafin jinkiri.

Na san halinka, za ka ce a kai shi kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Kada ka kai, Abdu. Wanda zai saya ma idanu biyu gare shi.

Kada Inna ta ji zancen idon.

Yayarka,
Mardiyya