Kar a Taɓa Murfin Tukunya

Maman yara,

An kira ni wurin aiki, ban jira dawowarki ba. Idan kin shiga kicin kar ki tsorata, aikina ne.

Tsohuwar laftof ɗin da na kawo jiya, ta goma sha ɗaya, wadda kika ce ta girmi babbar 'yarmu, yau ta kama waifai. Na zagaya da ita gidan nan kaf, har banɗaki, ta ƙi. Sai da na ɗora ta kan firji, na jingina mata murfin babbar tukunyarki a baya, sannan ta yarda. Ki yi haƙuri, miyar na rufe ta da faranti.

Don Allah kar ki ɗauki murfin, kar kuma ki kunna na'urar ɗumama abinci, yanke mata sabis take yi. Yara su ci da sanyi.

Hoton aurenmu take saukewa, layi-layi daga sama. Tun ƙarfe bakwai ta fara, yanzu ta kai girarki. Idan aka taɓa murfin, haka za ki zauna ba hanci.

Zuwa nan dai kin yi kyau.

Baban yara