Ranar da Mairo Ta Shanya Katunan Ilu

Gagarawa Tasha,
25 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga jikana Ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Kano lafiya. Yaya aiki, yaya mutanen masaƙarku? Ni da sauƙi, sai ƙafafun nan da ka sani.

Ja'iri, ka zo Sallah ka cinye mini nama, ka tafi ka manta kwalinka a ƙarƙashin gadona. Na gane shi. Katunan nan ne masu huji da ka daɗe kana bugawa, umarnin da za a ba kwamfuta ta riƙa sanin auduga da zare da rini da ke sito, ta faɗi abin da ya kusa ƙarewa kafin injuna su tsaya. Na tuna ka ce a kan gwajinsu za a tabbatar da kai ko a sallame ka.

To, nemi wuri ka zauna. Mairo, matar maƙwabcina da ke kawo mini tuwo, ta shigo shara, ta buɗe kwalin, ta ga huji ko'ina. Ta ce ƙwari sun shiga takardun yaro. Sai ta yi musu abin da ake yi wa wake: ta baza su a tabarma cikin rana, ta barbaɗe su da toka. Na dawo daga masallaci na tarar tana juya su don rana ta ratsa. Da na faɗa mata cewa kati ɗaya in ya bar gurbinsa aikin ya rushe, ta ɗora hannu a ka. Tun daga nan ko tuwon ma aikowa take yi. Kada ka ga laifinta.

Na lura ka ja jan layi a karkace a gefen katunan lokacin da suke jere. In layin ya koma ya miƙe, ai jerin ya dawo ke nan. Zan gwada.

Kakanka,
Barau.

2 ga Disamba.

Ilu,

Gaisuwa da fatan alheri. Hannuna rawa yake, idona kuma bai ganin ɗigon jan layin da ke gefen kowane kati, don haka na kira Ɗantsoho tela. Ya ce shi da yake zura zare a allura ba ɗigo ne zai gagare shi ba. Kafin azahar zaurena ya cika, rabonsa da haka tun rasuwar kakarka. Liman yana goge toka da gashin kaza, Manu mahauci yana miƙo kati yana cewa wannan layin ya fi hancin Ɗantsoho karkacewa. Ni na zauna a tsakiya ina ba da umarni kamar zamanin da nake malamin elementare. Na yi dariya har tari ya kama ni.

Layin ya haɗu. Wuri ɗaya ne muke shakka, na sa tsinke a nan, ka duba. Na ba gadin jirgin ƙasan da ke tasowa daga Nguru kwalin, ka tare shi a tasha.

Kakanka.

20 ga Disamba.

Jikana,

Takardarka ta iso, alhamdu lillahi! Ka ce kati biyu kawai ka musanya a wurin tsinken, na'urar ta karɓa, har ta tona cewa baƙin rini ya kusa ƙarewa, kuma an tabbatar da kai. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Na dogara sandata na je ƙofar Mairo da kaina, na karanta mata ta bayan zana. Sai ta rangaɗa guɗar da ta sa ma'aikatan tasha suka rugo suna tambayar auren wa ake yi. Na ce nawa ne. Da yamma ita ta kawo tuwon da hannunta, har da man shanu. Ta ce in gaya maka ta ji bayaninka, amma ita dai har yanzu ba ta yarda ɗan Adam ne ya yi wannan hujin ba.

Kowa na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne kakanka,
Malam Barau.