Jan bik a kan waƙar Hadiza

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Yaya Alhaji da ƙafar tasa, yaya 'yan biyu? Mu nan Birni lafiya lau.

Laifi na yi, Yaya. 'Yarki Hadiza ta rubuta waƙar rap a kan tsaron gidan da take yi a ƙwallon 'yan mata, za ta kai gasar lakwal, wato makarantarsu. Ta nuna mini don ni ke koya musu waƙa. Na ɗauki jan bik, alƙalamina na gyara, na daidaita kari, na soke ihun 'yan kallo da duk wani “wallahi”, har waƙar ta koma irin tawa.

Ta zo ta ɗaya. Muna isowa gida ta miƙo mini takardar yabon, ta ce, “Kawu, ga taka.” Wata guda ke nan ba ta rubuta ko layi ba.

Don Allah ki kira ta, ki ce ta rera miki ta farkon. Na san tana kanta. Kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, Allah ya koya wa hannun nan nawa haƙuri.

Ƙanenki,
Mamman Sani