Waɗanda Suka Bar Duniya

Daren Laraba, Bagwai

"Allah ya jiƙan su," in ji Inna, tana ɓarar gyaɗa. Ce mata na yi 'yan sama jannati sun bar duniya, ta ɗauka rasuwa suka yi. Duk digirina na rasa wata kalmar.

Na nuna mata hoton a waya: duniya 'yar mitsitsiya, shuɗiya, cikin duhu. Na ce da suka hango ta, kewar gida ta kama su.

"Sai da suka je can suka sani? Ke ma, takwara, in kin kama aikin Abujan naki, ki riƙa waiwayowa."

Ni da nake ta ɓoye mata tafiyar nan, ashe tsohuwa ta sani. Na ja mata ƙofa a hankali na fito.