Hafsa ta tsaya a kan igiyar ruwa

Daren Lahadi, unguwar Setapak

Yau 'yata Hafsa ta dawo daga tafiyar da makarantarsu ta kai su bakin teku, yashi har cikin kitsonta. An koya musu hawa igiyar ruwa a kan allo. Tun daga ƙofa take ihu: "Umma, na tsaya! Na sha ruwan gishiri, amma na tsaya!"

Ni kuwa tun zuwanmu ƙasar nan, daga ɗakin bincike sai wannan ɗan ƙuntataccen gida. Ko tekun ban taɓa gani ba. Tallafin karatuna ya kusa ƙarewa, dole mu koma Gusau, kuma na kasa gaya mata.

Da za ta kwanta ta ce, "Baɗi tare za mu je, Umma, boleh?"

Boleh a yaren mutanen nan na nufin "zai yiwu?" Na ce mata to. Allah ka yafe min.