Kwalbar Maigida

Talata da dare, Matankari

Leɓena ya kumbura. Likitar da ke bincike kan rashin haihuwa a Dogon Dutsi ta ce mahaifata lafiya lau, saura a auna maigida. Ta ba ni 'yar kwalba in kai mishi ya zuba maniyyinshi a ciki.

Ya maka ta da bango. "Ni za a auna? Namiji?" Ya kwaɗa mini mari.

Sai na tuna sassaken da uwarshi ta yi ta ɗura mini, da hayaƙin da na tsuguna a kai har cinyoyina suka saluɓe. Na rarumi muciya na sauke mishi a goshi. Jini har gemu.

Ban yi nadama ba. Likita ta san mazanmu, kwalba biyu ta ba ni.