Kalmar da Ta Maƙale a Bakin Sadisu

Matameye, ranar Asabar.

Zuwa ga Yayana Iliyasu, a Kwatano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Fadimata da yara duka. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka daga sharrin bakin teku da na mutanensa, ya sa albarka a cikin nemanka. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwar nan da ke hana ta zaman tabarma, ga tansiyo, hawan jinin nan da ke tashi duk lokacin da ranta ya ɓaci. Jar akuyarta ta haifi biyu, ta raɗa wa ɗaya sunan maƙwabciyarta saboda yawan kuka. Zafi kuwa ya kai inda ya kai, raken Dungu ya ƙare a kasuwa, ni kuma ina nan ina fama da yara saba'in da huɗu a aji ɗaya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Gambo direba, alhali ga waya. Dalili shi ne na san halinka. In na aiko maka murya, a tsakiyar shago za ka kunna ta, duk wanda ya zo sayen batir sai ya ji sirrin gidanmu. Wannan magana ba ta shago ba ce. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙarshe kafin ka kira kowa.

Maganar ƙanenmu Sadisu ce. Wata uku ke nan ya tasa mu gaba da zance ɗaya, wai mu tashi daga Matameye mu koma Katsina da zama, shi da matarsa Laila da yaransu, har da Inna. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne hujjar da ya kawo. Bai ce kasuwa ba, bai ce aiki ba, tarihi ya ce. Sadisu fa, wanda a lakwal, cikin aji, mushe malaminsu ya tambaye shi wa ya gina ganuwar Damagaram ya ce magina. Shi ne yanzu yake zama gindin bishiyar bedin tsakar gida yana kwatanta mana ƙasashe. Ya ce Katsina garin malamai ce tun kafin a san Damagaram, ya ba mu labarin hasumiyar Gobarau kamar shi ya yi mata yaɓe. Ya ce iyakar nan da ke Ɗan Barto Nasara ne suka ja ta jiya-jiya, da can mu da mutanen ƙetare tuwonmu ɗaya, bikinmu ɗaya. Ya ce Damagaram ta yi suna da yaƙi da bindiga, Kano da fatauci, Katsina da karatu da ladabi, to wanne mutum zai zaɓa wa 'ya'yansa? Har ya ƙara da cewa kakanmu na wajen Baba asalinsa daga can ya fito.

Ban bar shi ba, ka san bakina. Na ce in tarihi ne ke jansa, ga Daura nan kusa, wadda kakarmu ta fito daga ƙauyukanta, muna da dangi a can har yau, me ya sa ya tsallake ta? Ya ce Daura ta yi ƙanƙanta. Na ce to Kano. Ya ce Kanawa ba za su bar Badamagare ya sha ruwa ba saboda wasan tsokanar da ke tsakaninmu. Na tuna masa cewa yaransa Faransanci suka fara, in an kai su can sai sun koma baya sun kama Ingilishi daga tushe. Na tuna masa sau nawa muka yi Sallah yau su kuma suka yi gobe, na tambaye shi ko Inna da shekarunta za ta iya kai azumi a ranar da ta san 'yan'uwanta na nan suna cin tuwon Sallah. Kowace na kawo yana da amsa a shirye, kuma amsoshin ba su yi kama da bakinsa ba. Inna dai abu ɗaya ta faɗa, ta ce kabarin mijinta a nan yake, ita ba ta ga tarihin da ya wuce wannan ba.

Daga nan na fara sa masa ido. Tun bara yake tafiya Katsina sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, wai ya sami abokin ciniki. Amma wane irin ɗan kasuwa ne zai tafi hannu sake ya dawo hannu sake? Ko sabulu ban taɓa ganin ya shigo da shi ba. Yana dawowa sai ya shige ɗaki ya kwanta, Laila ta ce hanya ce ta gajiyar da shi. Da farko Alhaji Abdurrazak na zarga, mai shagunan bakin tasha, don ka san tun rasuwar Baba yake lasar baki a kan gidanmu saboda yana bakin hanya. Na ga sun gaisa da Sadisu ranar kasuwa sun daɗe, na ce shi ke nan, an zuga shi ya kwashe tsohuwa a rushe gida a yi shaguna. Na bi ta ƙarƙashin ƙasa na bincika, na tarar maganar taki suka yi. Sai na ce ko wasu sababbin malamai ne suka juya masa kai. Har mace na zarga, Allah ya yafe mini, na dinga kallon Laila ina jiran in ga ɓacin rai a fuskarta. Abin da na gani a fuskarta ba ɓacin rai ba ne, tsoro ne, kuma duk sanda na dube ta sai ta sami abin yi a madafa.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, gwiwar Inna ta tashi sosai har ta kasa taka ƙafa. Muna tsaye kanta ni da Sadisu, sai ya ce mu ɗauke ta mu kai ta asibiti, a yanka mata kati, nas ta duba ta. Haka ya faɗa, cikin gaggawa, bai ma ji kansa ba. Yaya, ka gaya mini, wa ke cewa asibiti a gidanmu? Mun san kalmar, muna jin ta a rediyo, amma mu likita muke kiran wurin, can muke zuwa lokotoro ko majo mai jinya ya rubuta mana takarda. Baba ya yi jinyar wata biyar, ko sau ɗaya ban ji wani ya ce asibiti ba. Muka kai Inna aka yi mata allura, muka dawo, ni kuwa kalmar nan ta ƙi fita daga kunnena.

Ka san aikina ke nan, sauraron bakin yara ina gyara. Sai na kwana biyu ina sauraron bakin Sadisu. Har yanzu in wuta ta ɗauke kuran yake cewa. Har yanzu lakwal yake cewa ba makaranta ba, har yanzu duwan yake kiran masu tsaron iyaka, ba kwastan ba. Wata bakwai yana zirga-zirga a Katsina, bakinsa bai ɗauko komai daga kasuwarsu ba, bai ɗauko komai daga tasharsu ba. Kalma uku kacal ya kawo mana, asibiti da kati da nas, kuma duk ukun a gini ɗaya ake samun su. Da na gane haka sai sauran abubuwa suka fara dawo mini. Riga mai dogon hannu da yake sawa cikin wannan zafi. Furar Inna da yake kurɓa sau ɗaya ya ajiye, shi da yake shanye kwano. Miyarsa da Laila ke ɗiba daban kafin ta sa gishiri, wai ya ce ya gaji da gishiri. Silifas da ya koma sawa, ya bar takalminsa na fata.

Shekaranjiya ya tafi kamar kullum. Jiya bayan an sauko daga Juma'a na same shi a zaure shi kaɗai. Ban yi masa zancen tarihi ba. Na ce abu ɗaya nake so, ya naɗe mini hannun rigarsa na hagu. Ya yi dariya ya ce Madam ta fara binciken farce ke nan. Na ce ban zo wasa ba, in bai naɗe ba zan kira Inna ta naɗe masa. Sai ya naɗe. Jijiyar hannunsa ta kumbura ta yi kauri kamar igiyar guga, duk wurin tabon allura ne, ga filasta a kai. Na zauna a dakali.

Ƙoda ce, Yaya, duka biyun. Wankin jini ake yi masa, awa huɗu kowane zuwa. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa Damagaram da ta fi kusa. Ya ce a can dangin Inna sun cika gari, Khalifa ɗan ƙanwarta a bakin ƙofar likita yake sayar da shayi, kafin ya sauko daga gado labari ya riga shi isowa gida. Ya ce Inna ta ga yadda ƙafafun Baba suka kumbura, ta san inda abin ya ƙare, in ta ji an ce ƙoda tansiyonta ba zai bar ta ta kai damina ba. Ya ce abin da ke hana shi sukuni shi ne iyaka. Wancan karon da aka rufe ta wata da watanni aka yi, in aka sake yanzu, shi mako biyu ma ba zai kai ba. In suna Katsina kuwa, zai fita da safe kamar mai zuwa kasuwa ya dawo da La'asar, ba wahalar hanya, Inna tana kusa da shi yana ba ta maganinta kamar yadda ya saba, ba ta san komai ba. Na ce to tarihin fa, ina ya samo shi? Ya ce wani dattijo ne, Malam Sule, tsohon malamin makaranta, gadonsu kusa da juna. Awa huɗu mutum yana kwance ba ya motsi, dattijon yana ba da labari, shi kuma yana haddacewa don ya kawo mana.

Na yi kuka, na kuma zage shi tas. Na ce ya mai da mu sakarkaru, ya bar ni ina zargin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, ya bar Laila tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai wata bakwai. Da na gama ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Na yi masa alkawarin ba zan gaya wa Inna ba. Bai lura ban sa sunanka a ciki ba, ni kuma ban tuna masa ba. Raina a ɓace yake da shi har yanzu, kuma tsoro nake ji irin wanda ban ji ba tun rasuwar Baba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inna ta gaji da gardamarmu, tun makon jiya ta ce kai ne babba, za ta kira ka ranar Juma'a mai zuwa, abin da ka ce shi za ta yi. Na san da me za ka amsa, don ni da kaina na cika maka kunne a waya cewa yaron nan ya zauce, kada ka yarda a taɓa tsohuwa. To na janye. In ta kira ka, ka ce Katsina. Kada ka faɗa da sauri, za ta gane. Ka ja zancen, ka yi kamar kana aunawa, ka yabi Damagaram kaɗan, ka kawo maganar malamai da karatun jikoki. Gidan ba za a sayar ba, ni zan dawo ciki in riƙe shi, ka tabbatar mata da wannan.

Ni na riga na fara. Yau da safe ina shafa mata man zafi a gwiwa, na ce mata na yi tambaya wajen tsofaffi, ashe gaskiyar Sadisu ce, kakanmu Bakatsine ne. Ni da nake dukan tebur in yaro ya yi mini ƙarya a aji, na dubi uwata na shirya mata wannan. Ta ce ta zauna da surukinta shekara goma sha ɗaya, bai taɓa faɗa mata haka ba. Na ci gaba da shafa. Can sai ta tambaye ni ko a Katsinar akwai gidan da zai ɗauki awaki, kuma ko yana da nisa da inda Sadisu ke zuwa. Ba ta ce kasuwa ba, inda yake zuwa ta ce. Ban ɗaga kai ba, na ce zan tambaya. Ban sani ba ko ta yarda da ni ne, ko kuwa ita ma ta daɗe tana sauraron bakin ɗanta, mu duka muna ɓoye wa juna abu ɗaya a gida ɗaya.

Ka nemi hanya ka zo kafin ruwa ya sauka, ko na mako ɗaya ne. Ka ce gona ka zo dubawa. Kada ka kira Sadisu da wannan magana a waya, ka bari sai ka gan shi ido da ido. Ka sa shi cikin addu'a, ka sa a yi masa a masallacinku ba tare da an ambaci suna ba.

Ka gaishe mini da Fadimata da kyau, ka ce turaren da ta aiko ya iso, Inna ta ɓoye shi ta hana kowa. Ka shafa mini kan Hasan da Ummu Salma, ka ce su dage da karatu. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu Lawwali in kun haɗu, da maƙwabcinka Malam Shekara da iyalinsa. Laila tana gaishe ka, ba ta san na rubuta ba. In ka gama karantawa kada ka bar takardar a shago.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba mu ƙarfin zuciya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Najaha